Lokutan Aika Saƙo a Intanet da Darasinsu ga Nazarin Hausar Mubi

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, hanyoyin da ake rubuta Hausa suka shiga sauyawa. A da, mai nazarin harshe yakan dogara ne a kan littattafai da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, ko kuwa ya ɗauki rikoda ya shiga kasuwa da zaure. A yau kuwa, wani kaso mai yawa na rubutacciyar Hausa daga wayoyin hannu yake fitowa, ta kafofin Facebook da WhatsApp da X, wadda aka sani da sunan Twitter kafin 2023. Masana sun riga sun fara cin gajiyar wannan rubutu. Alal misali, a shekarar 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa sun fitar da taskar NaijaSenti, wadda ta ƙunshi tantantattun saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsuna huɗu, wato Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka.

Kowane saƙo na intanet yana ɗauke da abubuwa biyu: abin da aka faɗa, da kuma lokacin da aka faɗe shi. Masu nazarin harshe sukan riƙe na farko su watsar da na biyu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lokacin nan da ake watsarwa yana da tsari na ƙididdiga wanda masana suka daɗe suna nazari, kuma a gari irin Mubi ta Jihar Adamawa tsarin ya fi bin rabe-raben lokaci na harshen Hausa a kan awoyin agogo. Wanda duk ya tara Hausar intanet ba tare da kula da wannan ba, yana iya kafa hukunci a kan Hausar wani rukuni ɗaya na jama'a, ya ɗauka cewa Hausar gari ce baki ɗaya.

2.0 Yadda Masana Suka Auna Lokutan Ayyukan Ɗan'adam

2.1 Tsarin Poisson

A shekarar 1837 masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Siméon Denis Poisson, ya bayyana wata ƙa'ida wadda ke kwatanta abubuwan da ke aukuwa barkatai, ta yadda aukuwar ɗaya ba ta jawo na biyu, ba ta kuma hana shi. Za a iya kamanta wannan da ɗigon yayyafi a kan rufin kwano: ba a san daƙiƙar da ɗigo na gaba zai faɗo ba, amma yawan ɗigon da ke sauka a cikin kowane minti bai cika yin nisa da matsakaici ba. A 1898 Ladislaus Bortkiewicz ya gwada ƙa'idar a kan sojojin Furushiya ta ƙasar Jamus waɗanda harbin doki ya kashe, su 196 a rundunoni 14 tsakanin 1875 da 1894, ya kuma tarar da lissafin ya dace. A 1909 kuma A. K. Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na birnin Kofanhegan a ƙasar Danmak, ya nuna cewa kiraye-kirayen da ke shigowa cibiyar tarho suna bin wannan ƙa'ida. Daga nan aka shafe kusan ƙarni guda ana tsara layukan tarho bisa wannan lissafi, har aka riƙa ɗauka cewa haka kowane mutum yake gudanar da sadarwarsa.

Babbar siffar tsarin Poisson ita ce, tazarar da ke tsakanin aukuwa da aukuwa ba ta cika yin tsawo fiye da kima ba. Idan mutum yana aika saƙo ɗaya a kowace awa bisa matsakaicin lissafi, yiwuwar ya yi shiru na awa biyar ba ta wuce 7 cikin 1,000 ba, yiwuwar ya aika saƙo na biyu a cikin minti ɗaya bayan na farko kuwa ba ta kai 2 cikin 100 ba.

2.2 Zuwa Gungu-gungu

Da aka sami na'urorin da ke adana lokacin kowane saƙo na kowane mutum, sai aka ga abin ba haka yake ba. A shekarar 2005 Albert-László Barabási ya buga wani nazari a mujallar Nature a kan saƙonnin imel na dubban mutane a wata jami'a na tsawon kimanin wata uku. Ya tarar da cewa mutum yakan aika saƙonni da yawa a jere cikin 'yan mintoci, sannan ya yi tsit na awoyi ko kwanaki. Ke nan aikin ɗan'adam ya fi kama da ruwan damina, wanda yakan zubo kamar da bakin ƙwarya sannan ya ɗauke, fiye da yayyafi. A wannan maƙala za a kira wannan siffa zuwa gungu-gungu. A cikin wannan shekara Barabási da João Gama Oliveira suka duba wasiƙun Charles Darwin, wanda ya aika aƙalla 7,591 ya karɓi 6,530, da na Albert Einstein, wanda ya aika fiye da 14,500 ya karɓi fiye da 16,200. Mutanen biyu sukan amsa yawancin wasiƙu cikin 'yan kwanaki, amma wasu sai bayan watanni ko shekaru. Wannan ya nuna cewa siffar ta girmi intanet.

A 2008 Kwang-Il Goh da Barabási suka kawo wani ma'auni mai sauƙi na wannan siffa. Ana lissafa matsakaicin tazarar da ke tsakanin saƙonni, a kira shi M, sannan a lissafa ma'aunin kaucewar tazarorin daga wannan matsakaici, a kira shi K. Daga nan sai a ce:

(1) B = (K − M) ÷ (K + M)

Sakamakon yakan faɗa tsakanin −1 da +1. Idan ya zama −1, saƙonnin suna zuwa daidai wa daida kamar bugun agogo. Idan ya zama 0, tsarin Poisson ke nan. Duk lokacin da ya haura 0, to akwai gungu.

Domin ƙarin haske, a ƙaddara mutum biyu waɗanda kowannensu ya aika saƙo 11 daga ƙarfe 7:00 na safe zuwa 5:00 na yamma. Na farko yana aika ɗaya a kan kowace awa. Na biyu kuwa ga lokutansa:

(2) 7:00, 7:01, 7:02, 7:03. 11:59, 12:00, 12:01, 12:02. 4:58, 4:59, 5:00

Matsakaicin tazarar kowannensu minti 60 ne. Na farko ba shi da kaucewa ko kaɗan, saboda haka B nasa −1 ne. Na biyu yana da tazarar minti ɗaya sau takwas da tazarar minti 296 sau biyu, kaucewarsa ta zama minti 118, B nasa kuma ya zama kimanin 0.33. Wanda ya tsaya a kan matsakaici kawai zai ce mutanen biyu ɗabi'arsu ɗaya, alhali kuwa mai neman saƙon na biyu tsakanin ƙarfe 8:00 da 11:00 zai tashi hannu rabbana.

2.3 Muhawara a kan Dalili

Masana sun sha bamban a kan musabbabin wannan siffa. Barabási ya danganta ta ga yadda mutum ke jera ayyukansa bisa muhimmanci: abin gaggawa a yi shi nan take, wanda ba na gaggawa ba kuwa ya yi ta jira. A 2008 Dean Malmgren da abokan aikinsa na Jami'ar Northwestern ta Amurka suka kawo wata fassara. A ganinsu, zagayen dare da rana da kuma zagayen mako sun isa su haifar da dogayen tazarori, domin mutum yana barci, yana hutun ƙarshen mako, idan kuma ya zauna gaban na'ura yakan sallami saƙonni da yawa a zama ɗaya. A 2012 Hang-Hyun Jo da Márton Karsai da János Kertész da Kimmo Kaski suka ɗauki bayanan kiran wayar salula na wata ƙasar Turai, suka cire tasirin zagayen yini da na mako ta hanyar lissafi, suka ga har yanzu gungun yana nan. Abin da za a iya ɗauka daga wannan muhawara shi ne, dalilan biyu suna aiki tare: akwai agogon jama'a wanda ke buɗe ƙofar magana ya rufe ta, akwai kuma ɗabi'ar mutum ta yin abu a jere idan ƙofar ta buɗe.

Agogon jama'a kuwa ya danganta da al'ada. A 2011 Scott Golder da Michael Macy na Jami'ar Cornell suka buga nazari a mujallar Science a kan saƙonnin Twitter miliyan 509 na mutum miliyan 2.4 a ƙasashe 84. Sun ga cewa kalmomin farin ciki sun fi yawa da safe, sukan ragu da rana, su sake hawa wajen tsakar dare, kuma a ranakun hutu hawan safiya yakan makara da kimanin awa biyu. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda a wancan lokaci ake hutun mako ranar Juma'a da Asabar, tsarin hutun ya koma waɗannan ranaku. Wannan shi ya kawo tambayar da ta shafi maƙalar nan kai tsaye: wane agogo ne ke buɗe ƙofar magana a Mubi?

3.0 Garin Mubi da Agogunansa

3.1 Mubi a Taƙaice

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yadzaram, kusa da iyakar Kamaru. Ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin Jamus, sannan ta koma cikin Kamarun Arewa da Ingila ke riƙo, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961, wadda ta sa yankin ya shigo Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, Mubi kuma ta zama hedikwatarsa. Tun 1991 tana cikin Jihar Adamawa, an kuma raba ta ƙananan hukumomi biyu, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, akwai Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, ga kuma babbar kasuwar shanu da fatake ke kawo dabbobi daga Kamaru da Cadi. Harsunan yankin sun haɗa da Gude da Fali da Njanyi da Higi da Margi da Kilba da Fulatanci, Hausa kuwa ita ce ta haɗa kowa a kasuwa da tasha da makaranta da wuraren ibada. Saboda haka masu rubuta Hausa a Mubi ba jinsi ɗaya ba ne, kuma yininsu ba iri ɗaya ba ne.

3.2 Rabe-raben Lokaci a Hausa

Bahaushe ya raba yini da dare tun kafin agogo ya zo masa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara yawancin kalmomin da ake amfani da su wajen wannan rabo. Ga su bi da bi:

(3) alfijir, asuba, sassafe, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, lisha, tsakar dare, talatainin dare

Abubuwa biyu ne suka kamata a lura da su a wannan jeri. Na farko, da yawa daga cikin kalmomin, kamar alfijir da asuba da walaha da azahar da la'asar da magariba da lisha, an aro su ne daga Larabci, kuma suna da alaƙa da lokutan salla. Na biyu, gaɓoɓin ba su da tsawo ɗaya. Magariba gajeruwa ce ƙwarai, hantsi kuwa yana da faɗi. Dalili shi ne, kowace gaɓa tana wakiltar wani aiki na jama'a: ana fita gona da sassafe, kasuwa takan cika da hantsi, ana tashi daga aiki wajen la'asar, ana shiga gida da almuru, ana zaman hira bayan lisha. A wajen mai ƙididdiga, wannan jeri tamkar taswira ce ta lokutan da hannu ke sakin waya da lokutan da yake komawa gare ta. Iyakar kowace gaɓa wuri ne da ya kamata a sa ido a kan ɗaukewar saƙonni, bayanta kuma a sa ido a kan gungu.

3.3 Agogon Rana da Agogon Hukuma

Nijeriya duka agogo ɗaya take bi, wanda ke gaba da na Girinwic da awa ɗaya, amma rana ba ta faɗuwa a lokaci ɗaya a ko'ina. Mubi tana kan digiri 13 da 'yan kai gabas da layin Girinwic, Kano tana kan digiri 8 da rabi, Sakkwato kuwa digiri 5 da 'yan kai. Tun da yake kowane digiri daidai yake da minti huɗu, rana takan tsaya tsaka a Mubi kimanin minti 19 kafin Kano, da kimanin minti 32 kafin Sakkwato. Har ila yau, faɗuwar rana a Mubi kanta tana motsi cikin shekara, daga wajen ƙarfe 5:40 a tsakiyar Nuwamba zuwa wajen 6:30 a watan Yuli.

Illar wannan ga lissafi a fili take. Idan mai nazari ya raba yini gida 24 bisa awoyin agogo, to a watan Nuwamba magaribar Mubi za ta faɗa a gidan ƙarfe 5:00 zuwa 6:00, ta Sakkwato kuwa, wadda ke zuwa wajen 6:10, za ta faɗa a gida na gaba. Idan ya haɗa saƙonnin garuruwan biyu, ko ya haɗa na Nuwamba da na Yuli a Mubi kaɗai, gajeren shirun magariba zai baje a cikin gidaje biyu har ya ɓace wa ido. Ba duk gaɓoɓin ne ke motsi haka ba. Masallatai da yawa sukan tsayar wa azahar da la'asar ƙarfe kaza, makarantu da ofisoshi ma agogon hukuma suke bi, amma asuba da magariba rana suke bi sau da ƙafa. Ke nan mutumin Mubi yana rayuwa ne a kan agogo biyu a lokaci guda.

3.4 Zagayen Mako da na Shekara

Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya ginu ne a kan mako mai kwana biyar na aiki da biyu na hutu. A Mubi zagayen mako ya fi haka sarƙaƙiya. Musulmi suna da Juma'a. Kiristoci, waɗanda suke da yawa a yankin kuma da dama daga cikinsu da Hausa suke ibada, suna da Lahadi. Hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya tana Kwarhi, ba nisa da Mubi. Ma'aikata da ɗalibai suna da Asabar da Lahadi. Fatake da dillalai da direbobi kuwa ranakun cin kasuwar shanu su ne ƙashin bayan makonsu.

Zagayen shekara ma haka. Damina takan kwashe mutane zuwa gona da safe, zafin bazara yakan tsawaita zaman waje da dare, hutun manyan makarantun garin biyu kuma yakan rage yawan matasa masu rubutu. Watan azumi yakan juya yini gaba ɗaya, domin ana tashi sahur kafin alfijir, ana kuma raya dare bayan shan ruwa. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, azumin 2014 ya zo ne a Yuni da Yuli cikin damina, na 2024 kuwa a Maris da Afrilu cikin bazara. Wanda ya kwatanta saƙonnin Maris na waɗannan shekaru biyu, watanni biyu mabambanta ya kwatanta.

Akwai kuma agogon aljihu. A shekarun farko na wayar salula wasu kamfanoni sun riƙa ba da kiran dare kyauta daga tsakar dare zuwa gab da asuba, daga baya kuma suka fito da datar dare mai rahusa. Samuwar wutar lantarki da zuwa wurin masu cajin waya su ma suna ƙayyade lokacin da waya ke raye. Waɗannan dalilai sun fi shafar mai ƙaramin ƙarfi da ɗalibi, don haka suna rarrabe masu magana bisa hali da shekaru.

3.5 Dogon Shiru

A bayanan Turai, doguwar tazara takan nuna barci ko hutu ko jinkirin mutum. A Mubi akwai tazarorin da ba su da alaƙa da zaɓin kowa. A watan Mayu 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, hukumomin tsaro sun rufe layukan wayar salula, ba a maido da su a Adamawa ba sai a watan Yuli. A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru da kan duwatsu, har zuwa tsakiyar Nuwamba da sojoji da maharba suka ƙwato garin. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka ci gaba da rubutu a wannan tsakani su ne masu dabarar kewaye shingen. Idan aka zuba irin waɗannan tazarori cikin lissafin da ke lamba (1), B zai hau sama, mai nazari kuma ya danganta ga ɗabi'ar mutane abin da tarihi ya ɗora musu.

4.0 Darasi ga Mai Nazarin Harshe

4.1 Kalmomi ma Gungu-gungu Suke Zuwa

Masu nazarin harshe sun saba da ƙa'idar George Kingsley Zipf ta 1935 da 1949, wadda ta nuna cewa kalmomi kaɗan ne ke yawan maimaituwa, mafi yawa kuwa jefi-jefi suke fitowa. Ƙa'idar ta yi magana a kan yawa, ba ta taɓa lokaci ba. A 2009 Eduardo Altmann da Janet Pierrehumbert da Adilson Motter suka cike wannan giɓi, inda suka nazarci tattaunawar Ingilishi ta shekaru da yawa a Usenet. Sun ga cewa kalmomin nahawu sun fi bazuwa daidai cikin zance, sunayen mutane da wurare da abubuwa kuwa sukan zo a gungu sannan su ɓace, kuma ajin ma'anar kalma yana da babban tasiri a kan wannan.

Hausa tana da wani rukuni wanda lokaci ya ɗaure shi tamau, wato gaisuwa:

(4) ina kwana, barka da asuba, barka da hantsi, ina wuni, barka da yamma, sai da safe, barka da Juma'a, barka da shan ruwa, barka da salla

Kalmomi irin su da, na, ta, a, ne za su fito a kowace awa. Amma barka da shan ruwa tana da wata ɗaya a shekara, a cikinsa ma da yamma. Taskar da aka tara cikin azumi za ta ɗaga wannan gaisuwa da kalmomin addu'a zuwa saman jerin yawa, wadda aka tara a wani watan kuwa ba za ta san da su ba. Haka nan, mai auna farin ciki da ɓacin rai a saƙonnin Hausa zai tarar da safiyar Juma'a cike da fatan alheri, wanda al'adar gaisuwa ce ta kawo shi.

4.2 Lokacin Ɗiba Shi ne Zaɓen Mai Magana

Sanannen abu ne cewa a wuraren da Hausa take harshe na biyu akan sami raunin bambance jinsi, kamar a ce mace ne maimakon mace ce, ko yarinya ya zo maimakon yarinya ta zo, akan kuma sami sauyi a furucin ƙ da ɗ da ɓ. Haka kuma ɗalibai sun fi surka Hausa da Ingilishi, masu fatauci da Kamaru kuma suna kusa da Fulatanci da Faransanci. Idan waɗannan rukunoni ba lokaci ɗaya suke rubutu ba, kamar yadda sashe na 3.0 ya nuna dalilansa, to wanda ya ɗebi saƙonnin tsakar dare da wanda ya ɗebi na hantsin ranar kasuwa za su fito da siffofi biyu na Hausar Mubi, kowanne kuma ya rantse a kan nasa. Bugu da ƙari, saboda zuwa gungu-gungu, saƙo 500 da aka kwasa cikin awa ɗaya yana iya kasancewa na mutum goma da ke musu a kan abu ɗaya, alhali lissafin da ake gwada sahihancin sakamako da shi yakan ɗauka cewa kowane saƙo zaman kansa yake yi.

Lokaci yana da amfani ta wata fuskar kuma. A 2012 Taha Yasseri da Róbert Sumi da János Kertész sun yi amfani da lokutan gyaran Wikipedia a harsuna 34 suka ƙiyasta yankunan duniya da masu gyaran suke zaune. Wannan dabara za ta yi wa Hausa rana, domin masu rubuta ta a Gana suna bayan Nijeriya da awa ɗaya, na Sudan suna gaba da awa ɗaya, na Saudiyya kuma da awa biyu.

4.3 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya ba mai tara Hausar intanet waɗannan shawarwari:

(a) Ya adana lokacin kowane saƙo tare da mataninsa, ya kuma tabbatar da agogon da na'ura ta bi, domin kafofi da yawa da agogon Girinwic suke ajiye lokaci.

(b) Ya riƙa auna saƙonni da agogo biyu, wato awoyin hukuma da kuma nisan minti daga alfijir ko faɗuwar rana a garin da ake nazari.

(c) Ɗibarsa ta zagaye gaɓoɓin da ke lamba (3), da ranakun mako bakwai, da damina da rani, da azumi da wajen azumi.

(d) Ya ƙayyade yawan saƙon da zai ɗauka daga mutum ɗaya ko daga zance ɗaya.

(e) Ya ware lokutan rufe layi da gudun hijira, ya bayyana su a fili kafin ya yi lissafi.

(f) Ya nemi izinin masu saƙonni, musamman a zaurukan WhatsApp, ya kuma kiyaye Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, domin lokutan saƙon mutum kaɗai sun isa su tona lokacin barcinsa da addininsa da sana'arsa.

5.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda masana suka tashi daga tsarin Poisson zuwa fahimtar cewa saƙonnin ɗan'adam gungu-gungu suke zuwa, kuma agogon jama'a yana da hannu a cikin haka. Ta kuma nuna cewa a Mubi wannan agogo ya haɗa motsin rana da lokutan ibada da ranakun kasuwa da farashin data da abubuwan da suka auku a 2013 da 2014 da 2021. Kalmomin Hausa na rabon lokaci, daga alfijir zuwa talatainin dare, sun riga sun ba mai ƙididdiga gidajen da zai zuba lissafinsa a ciki, kuma masanin harshe shi ya fi kowa sanin iyakokinsu. Taskokin da ake tarawa a yau da su za a rubuta ƙamusu, da su kuma ake koya wa na'urori Hausa. Idan aka tara su a awa ɗaya ta yini ko a wata ɗaya na shekara, Hausar manomi da ta mai sayar da shanu da ta matar aure a Mubi za su yi ƙaranci a cikinsu, kuma gyara wannan bayan an gina aiki a kansa ya fi wuya a kan kiyaye shi tun ranar ɗiba.